Saiwar Danggui da Ƙorafin Wata Matar Aure

Saiwar danggui, maganin mata na mutanen Sin, ita ce ta ɓata wa wata mai karatu rai. Ƙanin mijinta ne ya zo da ita tsaraba daga Guangzhou, uwar miji kuma ta miƙa mata a gaban baƙi, wai ko Allah zai kawo rabo. Su uku ne matan 'ya'ya a gidan, in ji ta, amma ita kaɗai aka ba. Sau uku ta maimaita zancen baƙin nan a wasiƙar da ta aiko, sannan ta tambaya: ta dafa ta sha, ko ta mayar?

Amsa

Wasiƙar ba ta faɗi shekarun auren ba, bare a ji ko an taɓa duba maigidan a asibiti. Wannan ne ya kamata ya hana ta barci, ba idon baƙi ba.

Danggui dangin karas ce, ana nomanta a tsaunuka masu sanyi, musamman gundumar Min ta lardin Gansu. Masu maganin gargajiyar Sin suna lissafa ta cikin masu ƙara jini da motsa shi, don haka suke ba da ita ga ciwon mara, rikicewar al'ada, raunin bayan haihuwa da taurin bayan gida. Ɗaya daga cikinsu, Li Shizhen, ya yi bayaninta a kundinsa Bencao Gangmu, wanda aka buga a 1596. Sai dai ba kasafai suke ba da ita ita kaɗai ba. A haɗin Siwu Tang, ɗaya ce cikin saiwoyi huɗu, kuma sai mai magani ya taɓa jijiyar hannu, ya duba harshe, kafin ya auna. Uwar miji ba ta yi ko ɗaya ba.

A 1997 an gwada saiwar ita kaɗai a Amurka kan mata 71 da suka daina al'ada, ba ta fi ƙwayar da babu magani a cikinta rage musu zafin jiki ba. Batun kawo ciki kuwa, babu hujjar asibiti mai ƙarfi a kansa.

Illarta ce ta fi tabbata. Tana iya ƙara zubar jini, musamman ga mai shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, kuma likitoci suna hana mai juna biyu shan ta. Mai neman haihuwa kuwa kan yi makonni da ƙaramin ciki ba ta sani ba. Saiwar ta zauna cikin kwalba har sai miji da mata sun ga likita tare.