Matsayin Umurnin Mai Kula da Kwamfuta a Kan Tsarin Asali na Manhaja

Gabatarwa

Kowace manhaja takan zo da tsarin asali wanda mawallafanta suka shimfiɗa domin jama'a baki ɗaya. Sai dai buƙatar mai shagon buga takardu a Kwaciri ko Sabon Gari ta sha bamban da ta ma'aikacin ofis a Amurka. Wannan takarda za ta duba yadda kwamfuta mai aiki da Linux ke fifita umurnin mai kula da ita a kan tsarin asali.

Rabon Wurare

An raba wa fayilolin tsari wurare uku. Abin da kunshin manhaja ya zo da shi yana zaune a /usr. Na wucin gadi, wanda kan ɓace idan an kashe na'ura, yana /run. Shi kuwa /etc, wurin mai kula ne. A ƙa'idar systemd, wanda ya fito a 2010 kuma Debian ta mayar da shi tsarinta na asali a 2015, idan fayiloli biyu suka yi suna ɗaya, na /etc ake bi. In kuwa layi ɗaya kawai ake son sauyawa, umurnin systemctl edit kan ƙirƙiri ɗan fayil mai suna override.conf, wanda ake karantawa bayan na asali, watau maganarsa ce ta ƙarshe.

Misali

A ɗauki mai shago a Fagge da ke buga wa ɗalibai kundin digiri cikin Hausa. Allon rubutu na Ingilishi ba shi da ƙ, ɗ da ɓ. Idan ya shiga /usr ya gyara fayil da hannu, ranar da aka sabunta kunshin za a shafe gyaransa, ya wayi gari ana buga kasa a madadin ƙasa. Amma idan, a Debian, ya rubuta ng da hausa cikin /etc/default/keyboard, zaɓinsa zai tsira. Haka kuma dpkg kan tambayi mai kula kafin ya taɓa fayil ɗin tsarin da aka gyara, ya ajiye sabon da ɗafin .dpkg-dist in an ƙi shi.

Kammalawa

Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan shi ne dalilin fifita /etc. Amma fifikon yana tafe da nauyi: tsohon gyaran da aka manta da shi yana iya danne sabon kariyar tsaro da mawallafa suka aiko. Don haka ya wajaba mai kula ya riƙa duba gyare-gyarensa da umurnin systemd-delta bayan kowace sabuntawa.