Tuƙa Jirgin Yaƙi ko Ƙera Shi: Shawara ga Ɗan Sakandare da Iyayensa

Yawancin matasan da ke burin aikin jiragen saman soja sukan ɗauki sana'o'i biyu tamkar abu guda, wato tuƙin jirgi da injiniyancin jiragen sama, alhali kowacce da ƙofarta. Matuƙin soja hafsa ne da aka horar ya sarrafa jirgi ya kuma yi yaƙi da shi, injiniya kuwa shi ne mai nazarin yadda iska ke ɗaga fiffike, da yadda inji ke ƙona mai ya ingiza jirgi gaba, da irin ƙarfen da zai jure zafi da girgiza ba tare da ya tsage ba. Rashin bambance waɗannan tun daga aji huɗu na sakandare shi ke sa yaro ya ɗora dukkan burinsa a kan kujerar matuƙi, wadda ba shi ne zai zaɓar wa kansa ita ba.

Babbar hanyar zama matuƙin soja a Najeriya ita ce Makarantar Horas da Hafsoshi ta Kaduna, wadda aka fi sani da NDA, da aka kafa a 1964, shekarar da aka kafa Rundunar Sojin Sama. Mai neman shiga sai ya sami kiredit biyar har da Turanci da lissafi, ya rubuta jarrabawar JAMB, ya ci jarrabawar tantancewa ta makarantar, sannan ya bayyana gaban kwamitin zaɓe, inda ake gwada lafiyarsa da ƙarfin jikinsa da natsuwarsa. Dole kuma ya kasance bai yi aure ba, shekarunsa ba su wuce iyakar da sanarwar shekarar ta gindaya ba. Ko ya tsallake duk wannan, rundunar ce ke ware waɗanda za ta tura makarantun koyon tuƙi na Kaduna da Kano, gwargwadon buƙatarta da sakamakon gwaji, sauran kuma ta rarraba su zuwa wasu sassa.

A nan ne lafiyar ido ke yanke hukunci. Akwai larurar da ake haihuwar mutum da ita, wadda ta fi yawa ga maza, mai hana shi bambance wasu launuka, musamman ja da kore, kuma sau da yawa mai ita bai san yana da ita ba, tun da ba ta ciwo, ba ta kuma hana karatu. Ga matuƙi kuwa cikas ce babba, domin fitilar fiffiken hagu na jirgi ja ce, ta dama kore, haka ma alamomin filin sauka da na cikin jirgi da launi suke magana. Gwajinta ba ya wuce 'yan mintoci a asibitin ido, da wani littafi mai ɗigo-ɗigon launuka da lambobi a ɓoye cikinsu, saboda haka babu dalilin da zai sa iyaye su bari sai ranar tantancewa yaro ya ji labari.

Hanyar injiniyanci ta fi faɗi, ta kuma fi dogara ga ƙoƙarin ɗalibi. Cibiyar Fasaha ta Rundunar Sojin Sama da ke Kaduna, wato AFIT, tana karɓar ɗalibai farar hula ta hanyar JAMB, tana kuma ba da digiri a injiniyancin jiragen sama da sararin samaniya, haka ma Jami'ar Jihar Kwara da ke Malete. Wanda bai samu waɗannan ba, digirin injiniyancin injina ko na lantarki ya ishe shi tushe, kuma mai digiri yana iya shiga rundunar daga baya ta tsarin ɗaukar hafsoshi na gajeren zango. Aikin ma akwai shi: jiragen Super Tucano 12 da suka iso daga Amurka a 2021 ba sa tashi sai da masu duba su, haka kuma jirgi marar matuƙi mai suna Tsaigumi, da aka ƙaddamar a Kaduna a 2018, da hannun injiniyoyin rundunar a cikinsa. A ɓangaren tuƙi kuwa, mata ma ba a rufe musu ƙofa ba, domin a 2019 Kafayat Sanni ta zama mace ta farko mai tuƙa jirgin yaƙi a rundunar.

Abin da ya dace, don haka, shi ne matashi ya riƙe lissafi da fiziks da kemistiri da hannu biyu, domin su ne ke yi wa hanyoyin biyu hidima, ya saba da gudu da motsa jiki, ya nisanci ƙwayoyi, ya kuma tabbatar sunansa da ranar haihuwarsa iri ɗaya ne a takardar haihuwa da lambar zama ɗan ƙasa da sakamakon jarrabawa, tun da saɓani kaɗan a nan yana iya fitar da wanda ya cancanta. Su kuma iyaye su dogara ga sanarwar da makarantun suka fitar da kansu, kada su miƙa ko kwabo ga duk wanda ya ce zai saya wa ɗansu gurbi, su kuma kai shi gwajin ido kafin a cike fom.