Amsar Tambaya: Shin Fim ɗin Shawshank Ya Cancanci Kallo?

Tambaya: Malam, abokaina sun cika min kunne da yabon The Shawshank Redemption. Ni kuwa finafinan kurkuku ba sa burge ni. In kalla?

Amsa: Ɗan'uwa, kalle shi, amma ka ware masa dare guda, don ya haura awa 2 kuma tafiyar hawainiya yake yi. Frank Darabont ne ya shirya shi a 1994 daga labarin Stephen King. Tim Robbins ya fito a matsayin Andy, ma'aikacin banki da aka ɗaure bisa zargin kashe matarsa. Morgan Freeman kuma shi ne Red, fursunan da ke samo wa kowa abin da yake bukata.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne tsoho Brooks. Bayan shekara 50 a ɗaure aka sake shi, sai duniyar waje ta zame masa baƙuwa: motoci na razana shi, hannunsa na ciwo wajen zuba wa masu sayayya kaya a jaka, barci ya ƙaurace masa. Wurin nan sai da na share hawaye.

Akwai duka da ashar da cin zarafi a ciki, don haka ka bari sai yara sun kwanta. Kuma kada ka yarda abokan nan naka su faɗa maka ƙarshensa.