Kafin Ka Sayi Ƙwayoyin Sitirol na Rage Kitsen Jini

Kwanan nan ana yawan shigo mini shagon magani da hoton wata kwalba a waya, ana tambaya ko muna da sitirol na tsirrai, wanda 'yan WhatsApp ke cewa yana wanke kitsen jini. Yana aiki, ba ƙarya ba ne. Sinadarin yana cikin gyaɗa da riɗi da wake, kuma a hanji yake tare wa kolestirol hanya. Giram 2 a rana, tare da abinci, kan rage mugun kolestirol, wato LDL, da kusan kashi 10 cikin 100. Tun 1995 ake sayar da man shafa burodi na Benecol a ƙasar Finlan, mai ɗauke da sitanol, ɗan'uwan sitirol.

Illolinsa galibi masu sauƙi ne: kumburin ciki, zawo, ko taurin bayan gida. Yana kuma rage sinadarin karotin da jiki ke mayarwa bitamin A, don haka mai shan sa ya riƙa cin karas da mangwaro da alayyahu. Wuce giram 3 a rana kuwa asarar kuɗi ce.

Tarayyar Turai ta wajabta a rubuta a jikin kayan cewa ba na masu ciki da masu shayarwa da yara 'yan ƙasa da shekara 5 ba ne. Akwai kuma wani ciwon gado, sitosterolemiya, da aka fara bayyana shi a 1974. Jikin mai shi zuƙe sitirol yake yi fiye da kima har ya toshe jijiyoyin zuciya, kuma akan ga ƙulluttan kitse a gwiwa da agara tun yana yaro. Ba kasafai ake samun sa ba, amma sai an gada ta wajen uwa da uba, shi ya sa auren zumunci ke ƙara yiwuwarsa.

Abin da ya fi damuna daban ne. Wani dattijo mai ciwon suga ya ajiye atobastatin, maganinsa na rage kitsen jini, saboda ɗansa ya aiko masa da kwalbar sitirol daga waje. Na ce, "Baba, wa ya ce ka daina?" Ya ce, "Ai wannan na itatuwa ne." Alhali sitatin, irin su atobastatin, kan rage LDL da kashi 30 zuwa 50, kuma an tabbatar yana rage haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Sitirol kuwa har yau babu babban gwajin da ya nuna hakan.

Don Allah, in za ka sha, ɗauki kwalbar da takardar gwajin jininka ka kai wa likitanka tukuna, kuma kada ka ajiye maganin da ya rubuta maka.