Ƙananan Abubuwan Farin Ciki Na Kirsimati: Darasi Daga Ƙasar Sikotilan

Karatu: Luka 2:1-24, Nehemiya 8:9-12, Romawa 14:5-9

Gabatarwa

Da zarar watan Disamba ya kama, hankalin iyaye da yawa yakan tashi. Maigida yana lissafin shinkafa da akuya, uwargida tana zirga-zirga wurin tela, yara kuma suna ƙirga kwanaki. Akwai gidajen da ake cin bashi domin kada a ce ba su yi Kirsimati ba, sai Janairu ya zo da kuɗin makaranta, ga kuma mai bin bashi a bakin ƙofa. Akwai ma 'yan'uwan da suke ƙin zuwa sujada a ranar domin ba su sami sabon ɗinki ba.

Ƙaunatattu cikin Ubangiji, bari mu tambayi kanmu: in an ɗauke hutu, da sabon kaya, da babban yanka, me zai rage mana na Kirsimati? Akwai wata ƙasa ta masu bi da ta zauna kusan shekara 400 ba tare da hutun wannan rana ba. Tarihinta zai taimake mu samun amsa.

1. Ƙasar da ta ajiye bikin

Sikotilan tana arewacin tsibirin Birtaniya, babban birninta kuwa shi ne Edinbara. A ƙarshen Disamba rana takan fito a can wajen ƙarfe tara saura, ta faɗi kafin ƙarfe huɗu na yamma, ga sanyi mai shiga ƙashi.

A shekarar 1560 aka yi babban gyaran ikilisiya a ƙasar, wanda John Knox ya kasance cikin jagororinsa. Masu gyaran suka ɗauki ƙa'ida cewa duk abin da Littafi Mai Tsarki bai umarta ba, kada a shigar da shi cikin sujada. Da yake Littafi bai faɗi ranar da aka haifi Yesu ba, bai kuma ce a yi bikinta ba, sai suka ajiye Kirsimati tare da sauran ranakun idi. Shaye-shaye da almubazzarancin da suke gani a lokacin bikin sun ƙara musu hujja. A 1640 majalisar dokokin ƙasar ta kafa dokar soke hutun. Ko bayan da aka janye dokar, al'adar ta riga ta kafu: ranar 25 ga Disamba ma'aikata suna masana'antu, kantuna a buɗe. Sai a 1958 ranar ta zama hutun ƙasa, aka ƙara ranar 26 ga wata a 1974.

Kada mu yi saurin cewa mutanen nan ba su ƙaunar Almasihu. Mary Slessor, wadda ta iso Kalaba a 1876 ta yi fama da kisan tagwaye, a wannan ƙasa ta tashi. Tun tana shekara 11 take aiki a masaƙa a garin Dundi, a zamanin da Kirsimati ranar aiki ce. Manzo Bulus ya riga ya koya mana a Romawa 14 cewa wani yakan girmama wata rana fiye da sauran, wani kuma ya ɗauki dukan ranaku ɗaya, kowannensu domin Ubangiji yake yi. Saboda haka ba mu da iznin hukunta su, su ma ba su da iznin hukunta mu.

2. Abin da suka riƙe

Da aka ajiye Kirsimati, sai murnar jama'a ta koma daren 31 ga Disamba, wanda suke kira Hogmane. Har yau ranakun 1 da 2 ga Janairu hutu ne a ƙasar. Ana yin manyan shagulgula, kamar a garin Stonehaven inda da tsakar dare ake jujjuya dunƙulen wuta a kan titi, a ƙarshe a jefa cikin teku. Amma abubuwan da suka fi daɗewa a gidajen talakawa ƙanana ne, ga uku daga cikinsu.

Na farko, sharar gida. Kafin tsakar dare akan share gida ƙal, a kwashe tokar murhu a zubar, a kuma yi ƙoƙarin biyan kowane bashi kafin a kaɗa ƙararrawar sabuwar shekara. Abin kunya ne a wurinsu mutum ya tsallaka da kayan wani a wuyansa.

Na biyu, ƙafar farko. Bayan tsakar dare, maƙwabci ko ɗan'uwa yakan ƙwanƙwasa ƙofa ya zama mutum na farko da ya taka gidan a sabuwar shekara. Ba ya zuwa hannu rabbana. Yakan riƙo dunƙulen gawayin kwal, da ɗan gishiri, da abin taɓawa. Gawayin fata ne kada murhun gidan ya mutu a cikin sanyi, abincin kuma fata ne kada yunwa ta shiga. A nan sai mu tace: imanin da wasu suke yi cewa dogon namiji mai baƙin gashi ne yake kawo sa'a, camfi ne, kwalbar barasar da akan haɗa da ita kuma ba abin koyi ba ce. Albarkar shekara a hannun Allah take. Abin ɗauka shi ne, kyautar da ta fi daraja a daren ita ce wadda ko matalauci zai iya ɗebowa daga murhunsa.

Na uku, abinci. Suna da wani biskit da ake kira shortbread, wanda kayansa uku ne kawai: awo ɗaya na sukari, biyu na man shanu, uku na fulawa. A dā yana da tsada ga talaka, shi ya sa ake ajiye shi sai biki. Suna kuma da wani dafaffen kek da ake kwaɓawa da fulawa, kitse, busasshen inabi da kayan ƙamshi, a ƙulle shi cikin tsabtataccen ƙyalle, a dafa a tukunyar ruwa har awa uku ko huɗu. Iyaye mata sukan ɓoye ƙaramin tsabar kuɗi a ciki, yaron da ya dace da shi a yankansa kuwa ya kwana da murna.

A yau mutanen Sikotilan suna yin Kirsimati kamar sauran ƙasashe, majami'u da yawa kuma sukan yi sujadar tsaro a daren 24 ga Disamba har tsakar dare. Duk da haka waɗancan ƙananan al'adu ba su ɓace ba.

3. Abin da Maganar Allah ta nuna

In muka duba Luka 2 da kyau, za mu ga Kirsimati ta farko ma ƙananan abubuwa ne suka cika ta. Ba a sami masauki ba, sai komin dabbobi. Tufafin jaririn zanen goyo ne. Baƙin farko makiyaya ne da suka taso daga jeji, ba su koma gida sun sake kaya ba. Sa'ad da Yusufu da Maryamu suka kai yaron Haikali, hadayar da Luka ya ambata ta tsuntsaye biyu ce, wadda bisa ga Littafin Firistoci 12:8 ita ce ta wanda ba shi da halin ɗan rago. Ashe iyalin da aka danƙa wa Mai Ceto ba su da kuɗin yanka babba, amma makiyayan suka koma suna ta yabon Allah.

Wannan ba ya nufin cin daɗi laifi ne. A Nehemiya 8, da jama'a suka ji karatun Doka suka fashe da kuka, sai aka umarce su su je su ci mai kyau, su sha mai zaƙi, su kuma aika wa waɗanda ba su da abin da suka shirya. Umarnin yana da ƙafa biyu, ci da aikawa. Wanda ya ci bai aika ba, rabin umarnin ya cika.

4. Yadda za mu aikata

Mu tsara bikin daidai da abin da Allah ya ba mu, gama daidai ruwa daidai tsaki. In kaza ɗaya ce, a yanka ta da godiya. In tsohuwar riga ce, a wanke a goge, a tafi sujada da kai a ɗage.

Mu share gida, mu kuma share zuciya. Wanda ake binsa bashi ya biya abin da zai iya, ko ya je ya ba da haƙuri da bakinsa. Wanda yake gaba da ɗan'uwansa ya tuna da Matiyu 5:23-24, inda Ubangiji ya sa sulhu a gaban baiko.

Mu zama ƙafar farko a gidan da ba wanda zai taka. Kafin a zuba wa manyan baƙi, a fara cika kwanon gwauruwa, da maraya, da baƙon da bai iya zuwa garinsu ba, da maƙwabcin da ba addininmu ɗaya ba. Yara su ne za su kai, domin su koya tun suna ƙanana.

Mu ba 'ya'yanmu lokacinmu. Su taya mu yanka cincin, mu rera waƙoƙi tare, mu karanta musu labarin Baitalami. Takalmin bana zai yi musu kaɗan baɗi, amma wannan zama za su ba nasu 'ya'yan labarinsa.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wane ƙaramin abu ne na Kirsimatin ƙuruciyarka ka fi tunawa da shi? Nawa aka kashe a kansa?
2. Ta yaya za mu bambanta al'ada mai amfani da camfi?
3. Wane gida ne a unguwarmu ba a shirya kome ba a bana, wa zai kai musu?

Addu'a

Ya Uba na sama, mun gode maka domin Ɗanka da ya zo cikin tawali'u. Ka cece mu daga gasa da fariya, ka ba mu wadar zuci, ka buɗe hannuwanmu ga mabukata. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.