Kafin ka ce wa Bature "sorry"

Wani ƙanena da ke karatu a Ingila ya kira ni ransa a jagule. Wata dattijuwa ce ta yi tuntuɓe a bakin shago, lemon da ke cikin ledarta ya watse, shi kuma ya durƙusa yana tsince mata yana ta "sorry, sorry". Sai ta dube shi ta ce ai ba laifinsa ba ne. Shi da ya yi mata sannu, ta ɗauka gafara yake nema.

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, domin tarihi yana bayansa. Fiye da shekara 1000 da suka wuce, a tsohon Turanci, kalmar "sarig" ce, daga "sar", wato ciwo ko miki, tushen da ya haifi "sore". Mai cewa "sarig" yana nufin abin ya yi masa zafi a rai. Da yawa suna zaton daga "sorrow" ta fito, amma kama ce kawai, asalinsu daban. Ashe mu da muka ɗora mata nauyin "sannu" a Najeriya ba mu yi nisa da gida ba. Turawan Ingila ne suka karkata ta zuwa neman afuwa, kuma idan da su kake magana, dole ka bi kunnensu.

To ga yadda za ka yi. Wani ya faɗi ko ya ƙware, kuma ba kai ka jawo ba, tambaye shi "Are you all right?" Wannan ita ce sannunsu. A wurin rasuwa kalmar "sorry" tana aiki, sai dai kada ka bar ta tsirara. Ka cika ta, "I'm sorry for your loss". In ba ka ji abin da aka faɗa ba, ɗaga murya a ƙarshenta, "Sorry?", daidai da namu "na'am?" Neman hanya cikin cunkoso kuwa, "excuse me" ce ta fi kusa da "gafara dai".

Inda na fi so ka kula shi ne ranar da laifin naka ne. Faɗi abin da ka yi da sunansa: "I'm sorry I was late." Kada ka jona mata "but", kada kuma ka ce "sorry if you were offended", domin wannan mayar da laifi ne kan wanda ka ɓata wa, kuma zai gane nan take. Raina yana ɓaci duk lokacin da na ga irin wannan a wasiƙar ma'aikaci zuwa ga shugabansa. A takardar ofis ma "I apologise" ta fi dacewa.

Kada tsoron shari'a ya ɗaure maka baki. Dokar diyya ta Ingila da Wales ta 2006 ta ce ba da haƙuri shi kaɗai ba amsa laifin sakaci ba ne, lardin Ontario na Kanada ma ya yi irin wannan doka a 2009. Idan ka gogi motar wani a can, ka sauko, ka fara tambayar lafiyarsa, sannan ku yi musayar bayanan inshora.