Hukuncin Ba Da Hayar Ɗaki A Cikin Gida

A Karaye da Rogo magidanci yakan ware shagon da ke jikin zaurensa ya ba baƙo haya, ko malamin makaranta da aka yi wa canji, ko masuncin da ya biyo ruwan madatsar Challawa, wadda aka kammala a 1992. Wanda bai saba ba, kunya ce takan kayar da shi. Sai ya ce, "Shiga kawai, ma daidaita."

To, wannan magana ba ta ƙulla ingantacciyar haya a mazhabar Malikiyya. Littafin Risala ya sharɗanta a ambaci kuɗi da lokaci. In baƙon ya riga ya zauna a haka, alƙali zai yanke abin da ake biya wa irin ɗakin a garin, ko da bai kai burin mai gida ba.

Idan kuwa haya ta ƙullu, amfanin ɗakin ya koma hannun baƙo. Mai gida ba shi da ikon faɗawa ciki sai da sallama da izini. Shi kuma baƙon ba muharramin matan gida ba ne, saboda haka a raba masa makewayi tun bai sauke kaya ba.